Daga Babbar Kasuwa zuwa Andalus: yawon kunne cikin Yamai

Wata Asabar da hantsi ina zaune a rumfar wani abokina mai saida shadda da atamfa cikin Babbar Kasuwa ta Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene, sai wayar wani dattijo ta yi kuka a aljihun babbar rigarsa. Tsohuwar Nokia ce mai maɓallai, an ɗaure ta da roba don kada bayanta ya faɗi. Kukan nan babu ɗan kasuwa ko ma'aikacin buro da bai san shi ba. Da ya gama magana na ce: "Ranka ya daɗe Alhaji, ka san mai kiɗan nan da kake yawo da shi a aljihu?" Ya ce: "Na kamfani ne mana." Na ce a'a, na wani mai gita ne ɗan ƙasar Sipaniya, Francisco Tárrega, haifaffen Villarreal, garin da samarinmu suka sani saboda ƙwallon ƙafa. A 1902 ya tsara kiɗan, ya sa masa suna Gran Vals, daga baya kamfanin ya tsinko ɗan guntu daga ciki ya zuba a wayoyinsa. Alhaji ya yi shiru, ya juya wayar a tafin hannunsa, sannan ya ce: "To, an biya shi?"

Tambayar ɗan kasuwa ke nan, ni kuwa ba ni da ta cewa, don mai kiɗan ya rasu tun 1909. Amma hirar ta tono mini wani tsohon tsumi. Na yi sallama da su, na ce yau da ƙafa zan ratsa gari, daga kasuwa har bakin kogin Isa, ina lissafa abin da ya bi ta Sipaniya kafin ya iso kunnenmu. Mai karatu, in kana da sukuni ka rako ni. A ƙasa tafiyar ba ta da tsawo, a kan takarda ne za ta kai mu nesa.

Kafin mu fita ƙofar kasuwa sai na yi bayanin wata kalma, wadda Faransawa ke cewa ouverture, mu kuwa sai mu ce kiɗan share fage. Turawa suna da wani irin wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa tun daga farko har ƙarshe, sunansa opera. Kafin a ɗaga labule, taron makaɗa da ake kira orkestar, mutum sittin ko tamanin, masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙaho, masu tambura, sukan yi kiɗa zalla ba murya, na ƴan mintoci. Asalin wannan al'ada ba zai ba Bahaushe mamaki ba. A 1607, a fadar sarkin Mantua ta ƙasar Italiya, Claudio Monteverdi ya shirya wasansa mai suna Orfeo, ya rubuta cewa a busa ƙahoni sau uku kafin a fara. Ma'anar busar ita ce mai gida ya iso, kowa ya kama bakinsa. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Damagaram ko ta Katsinan Maraɗi ya ji kakaki da algaita kafin sarki ya fito, ya riga ya san aikin wannan kiɗa ba sai an fassara masa ba.

Daga baya masu tsara kiɗa suka ƙara dabara. Suka riƙa ɗibar waƙoƙin da za a ji cikin wasan suna jera su a share fagen, ta yadda kafin mutum ya ga fuskar jarumi ya riga ya ji takensa. Haka ake yi a filin kokowa: tun ba a kama ba, daga gangar kaɗai jama'a sun san wanda ya shigo. Cikin ƙarni na 19 kiɗan share fage ya yi ƙarfi har ya balle daga wasan, aka riƙa tsara shi don kansa, a taru a saurare shi a watse. Kuma kada ƴan fada masu kallon ƙwallo su ce abin bai shafe su ba. Taken nan da ake sakawa kafin wasannin zakarun Turai, wanda yara ke kwaikwayo a lungu, wani Baturen Ingila mai suna Tony Britten ya gina shi a 1992 bisa kiɗan da Handel ya tsara don naɗin sarkin Ingila a 1727. Aikin kakaki yake yi, ba wani abu ba.

Ni dai farkon haɗuwata da irin wannan kiɗa ba ta yi armashi ba. Muna aji na biyu a lise, malaminmu na Faransanci yana koya mana labarin Carmen na Prosper Mérimée, wata rana ya zo da ƴar radiyonsa mai kaset ya sa mana share fagen da Georges Bizet ya yi wa labarin. Da kiɗan ya ɓarke, wani daga bayan aji ya ce tallar sabulu ce. Aji ya kece da dariya, har da ni. Malamin bai yi faɗa ba. Ya bari kaset ɗin ya kai ƙarshe, ya naɗe wayar radiyonsa ya koma kan allo. A lokacin mun ɗauka abin Nasara ne tsantsa, babu ruwanmu da shi, kuma yin dariyar wata irin kishin kai ce. Shekaru sun wuce kafin in gane cewa rabin abin da muka yi wa dariya danginmu ne ya sha tufafin baƙi.

Daga kasuwa in mutum ya gangara wajen kogi, zai iske cibiyar al'adun nan da ke fuskantar Gidan Tarihi na Ƙasa. An buɗe ta a 1963 a matsayin cibiyar haɗin gwiwar Nijar da Faransa, ta ɗauki sunan Jean Rouch bayan rasuwarsa a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, sannan a watan Oktoba na 2024 hukuma ta mayar mata da sunan Moustapha Alassane, gwarzon silimanmu. A can, ina ɗalibi, na fara zama ni kaɗai in saurari faifan Bizet ba tare da kowa ya yi dariya ba. Na tsaya inuwar katangarta na ɗan huta, na tuna abin da ya fi ba ni mamaki a wancan lokaci, wato yawancin shahararrun kiɗan Sipaniya da orkestar ke yi ba mutanen Sipaniya suka tsara su ba.

Ɗauki Rossini, Ba'italiye. A 1816 aka fara nuna wasansa Wanzamin Sevilla a birnin Rum. Share fagensa yana cikin waɗanda aka fi sani a duniya, mutane na rantsuwa suna jin ƙamshin Sipaniya a ciki. Alhali kuwa tsohon kaya ne. Rossini ya riga ya yi amfani da shi a wasanni biyu, ɗaya a kan wani sarkin Rumawa a ƙasar Sham a 1813, ɗaya a kan sarauniyar Ingila a 1815. Lokaci ya ƙure masa, ya ɗauko shi ya sake masa kwali. Abokaina na Habu Bene za su fahimci wannan ciniki fiye da kowa.

Bizet kuwa bai taɓa sa ƙafa a Sipaniya ba. Daga Pari ya zauna ya ƙago Sevilla tasa, da masaƙar taba inda Carmen ke aiki, da filin wasa da bijimai. An fara nuna wasan ranar 3 ga Maris 1875, manyan gari suka ga rashin kunya ce a kawo mace ƴar talakawa mai zaɓar namijin da take so, a kuma kashe ta gaban jama'a. Wata uku cif bayan haka Bizet ya rasu yana da shekara 36, bai ga ɗaukakar da wasan ya samu ba. Share fagen gajere ne, bai kai minti huɗu ba. Yana farawa da hayaniyar filin bijimai, sai taken jarumin da ke wasa da su, sannan kwatsam komai ya yi duhu, goguna na rawar ɗari, wata waƙa mai nauyi ta fito daga ƙasa, wadda ita ce taken ajalin Carmen. Duk wanda ya saba da kiɗan Larabawa zai ji wannan waƙa ta yi masa kama da wani abu da ya sani, saboda tazarar da ke tsakanin muryoyinta irin tasu ce. A nan ne ƴan ajinmu ya kamata su yi shiru, amma dariya ta hana mu kai kunne.

Akwai waɗanda suka je da ƙafarsu, kuma ni su na fi ganin girmansu. Mikhail Glinka, wanda Rashawa ke ɗauka uban kiɗansu, ya isa Sipaniya a 1845, ya yi shekara biyu, ya koyi harshen. A garin Valladolid yakan zauna da yamma da maƙwabta, wani saurayi mai gita, Félix Castilla, yana kaɗa masa rawar jota ta ƙasar Aragon, shi kuma yana rubutawa. Har wurin masu korar alfadarai ya nemi waƙa. Daga nan ya fitar da share fage biyu, Jota aragonesa a 1845, da Daren bazara a Madrid wanda ya kammala gyaransa a 1851. In ka saurari na farko, bayan doguwar gaisuwar ƙahoni sai ka ji goguna ana tsinkar su da yatsa kamar gita, ga kuma ƴan katakon nan da masu rawar can ke kaɗawa a tafin hannu, waɗanda aikinsu ɗaya da sambanin matanmu. Ƴan uwana ma'aikatan gwamnati kuma ga naku: Emmanuel Chabrier ya yi kusan shekara 19 yana aiki a ma'aikatar cikin gida ta Faransa, ya ajiye aiki a 1880, ya zaga Sipaniya da matarsa a 1882 yana rubuta duk kiɗan da ya ji, a 1883 ya fito da España, Pari ta ɗauka. Ban ce kowa ya ajiye aikinsa ba. Rimsky-Korsakov, tsohon hafsan sojan ruwa na Rasha, daga littafin waƙoƙi da aka buga ya ɗebi nasa a 1887. Maurice Ravel, wanda uwarsa ƴar ƙabilar Bask ce ta kan iyakar ƙasashen biyu, ya rufe layin a 1928 da Boléro. Za mu komo kansa da dare.

Me suka gani a Sipaniya har suka yi mata wannan rububi? Amsar tana ƙetaren titi, sai na tsallaka na shiga Gidan Tarihi. An buɗe shi a watan Disamba na 1959 bisa himmar Boubou Hama wanda gidan ke ɗauke da sunansa, shugabansa na farko kuwa, Pablo Toucet, ɗan asalin Sipaniya ne. Na wuce kejin zakuna da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, na nufi inda aka ajiye kayan kiɗanmu na gargajiya, na tsaya gaban algaita. Wannan suna a Maroko ghaita ne. A arewacin Sipaniya, yankin Galisiya, abin busarsu na gado sunansa gaita. Masana harshe suna gardama a kan wanda ya ara daga wani, amma kamannin ba a suna kaɗai ya tsaya ba. Duka biyu da ɗan kara mai harshe biyu suke kuka, kuma duka biyu ba sa son amon ya yanke. Mabushin Galisiya yana tara iska a salkar fata ƙarƙashin hammatarsa. Namu ba ya buƙatar salka, kumatunsa ne salkarsa, yana shaƙa ta hanci yana busawa ta baki a lokaci guda. Sarewar nan ta orkestar da Faransawa ke kira hautbois, wadda sauran makaɗa ke daidaita kayansu da muryarta kafin a fara, ƴar gidan ce ita ma.

Dalili kuwa sananne ne. Daga 711 zuwa 1492 Musulmi sun yi mulki a ƙasar da littattafanmu ke kira Andalus. A 822 wani mawaƙi da ake yi wa laƙabi da Ziryab ya iso Ƙurɗuba daga gabas, inda ya yi karatun kiɗa a Bagadaza, ya ƙara wa molon Larabawa tsirkiya ta biyar, ya kafa makaranta. Har yanzu a Fas da Tilimsan ana yin dogon kiɗan nan da ake kira nuba wanda ake dangantawa da Andalus, shi ma da share fagensa na kayan kiɗa zalla, sunansa tushiya. Harshen Sipaniyanci bai ɓoye bashin da ke kansa ba. Al-ud ya zama laúd, rabab ya zama rabel, an-nafir, dogon ƙahon ƙarfe ɗan uwan kakakinmu, ya zama añafil, aɗ-ɗabl kuma ya zama atabal, kalmar da Abzinawa ke cewa ettebel ga tambarin sarautarsu. Tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kakaki ya shiga fada. Ke nan a shekarun da Garnaɗa ke faɗuwa, ƙahon da aka busa a kan ganuwarta ɗan uwansa yana samun gida a ƙasar Hausa.

Wani zai ce wannan magana ce ta ƴan boko. To, a tambayi malaman zaure. Ishiriniyar da ake rerawa a unguwanninmu cikin watan Mauludi, Alfazazi ne ya yi ta, mutumin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1230. Ashafar da ake karantawa da azumi, mai ita Alƙali Iyal an haife shi a Sabta, garin da yanzu ake kira Ceuta, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Kakata ba ta taɓa jin sunan Madrid ba, amma baitocin wani ɗan Andalus suna bakinta har ta koma ga Allah. Mu da muka yi lise aka koya mana Sipaniya a darasin labarin ƙasa kamar wata duniya ce dabam, ba wanda ya haɗa mana zaren.

Na fito ta wajen kogi, na hau gadar Kennedy wadda aka buɗe a 1970, na tsaya tsakiya ina kallon ruwa yana gangarowa daga wajen Gao. Ta wannan hanya ma Sipaniya ta taɓa zuwa mana, amma da bindiga. A ƙarshen 1590 sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya turo runduna ta kimanin mutum 4,000 ta ƙetare Sahara, da yawansu ƴan asalin Andalus. Shugabansu Judar Basha an haife shi a Cuevas del Almanzora, cikin lardin Almeriya. A watan Maris na 1591 suka karya Askiya Ishaƙ na biyu a Tondibi, arewa da Gao, daular Sonai ta rushe, sauran jama'arta suka gangaro Dendi suka ci gaba da turjiya ƙarƙashin Askiya Nuhu. Jikokin waɗancan mayaƙa su ne Arma na Tumbutu da Gao. Tondibi ma'anarsa baƙin dutse, suna ɗaya da Tondibiya tamu ta bayan gari inda barikin soja yake. Abin da ya sa na kawo wannan labari, lardin Almeriyar nan da ya haifi Judar shi ne kuma ya haifi Antonio de Torres, masassaƙin da ya ba gita siffar da take da ita yanzu cikin ƙarni na 19. Ƙasa ɗaya ta aiko mana da bindigar da ta rusa daula, bayan shekara ɗari uku da wani abu ta aiko da gitar da Bombino da Mdou Moctar suka ɗaga sunan Nijar da ita a duniya. Ta biyu ta fi daɗewa a hannu.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ta fi duka zagaye, ta teku. Shahararriyar waƙar da Carmen ke fara fitowa da ita ana kiranta habanera, wato ta Habana, babban birnin Kuba. Bizet ya ɗauka waƙar gargajiya ce, daga baya ya gane tana da mai ita, Sebastián Iradier, wanda ya zauna Kuba, sai ya rubuta hakan a kan takardar kiɗan. Tafiyar gangar habanera kuwa, wannan ɗan ɗingishi da ke sa kafaɗa motsi, bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka sa hannu a ciki. Kiɗan ya ƙetare teku cikin sarƙa, ya auri gita a Kuba, ya shiga gidan opera a Pari, sannan ya komo gida. Tun 1933 wani kamfanin Ingila ya riƙa buga faifan garmaho na Kuba masu lambar GV don kasuwar Afirka. Iyayenmu da suka yi samartaka a Yamai cikin shekarun 1960 da 1970 sun taka pachanga da cha-cha-cha, mawaƙansu na rera Sipaniyancin da ba su ji, ba kuma wanda ya damu, don ƙafa ta gane abinta. A 1964 Mali ta tura samari goma karatun kiɗa Habana, cikinsu da Boncana Maïga ɗan Gao, suka kafa Las Maravillas de Mali. Shi ne daga baya, tare da Ibrahima Sylla na Senegal, ya haɗa Africando a farkon shekarun 1990, kaset ɗin da babu tashar mota da bai shiga ba.

A kan gadar nan wani abu ya tsaya mini a rai, shi ne ma dalilin wannan rubutu. Abin da Félix Castilla ya kaɗa wa Glinka a 1845 ana iya kaɗa shi gobe a Tokyo ba a rasa ko ɗigo ba, saboda an rubuta. Namu fa? A Yamai ban taɓa zama gaban orkestar mai mutum tamanin ba, mafi kusa da ita su ne ƴan badujalar soja ranar fareti. Wannan bai dame ni ba ƙwarai. Kinshasa tana da tata tun 1994, wani tsohon matuƙin jirgin sama Armand Diangienda ya kafa ta, Allah ya ba su sa'a. Abin da ya dame ni shi ne taken da ke cikin kan tsoho ɗaya, ranar da aka kai shi kushewa an kai taken tare da shi. Mun ga misali. Biram, molon nan mai tsirkiya biyar na Buduma masunta a tafkin Cadi, saura ƙiris ya ɓace, sai da Malam Maman Barka ya tafi a 2002 ya durƙusa gaban tsoho Bukar Tar ya koya. Shi kansa Malam Barka ya rasu a 2018. Wanda zai kama tsirkiyar bayansa, wannan ita ce tambayar.

Ba cewa nake ba a yi komai ba. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 ta fito da mawaƙa da yawa. Cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka kafa a Yamai a 1989, ta tara kayan kiɗan ƙabilunmu, ta koya wa matasa karanta rubutun kiɗa, daga inuwarta ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni ta fito a 1995. Mutanen Sipaniya ma sai da suka yi irin wannan fargar. Da Manuel de Falla ya ga baƙi sun cika duniya da Sipaniyar ƙage, tsofaffin mawaƙan gaskiya kuwa suna ƙarewa cikin talauci, sai ya shirya gasa a Garnaɗa a 1922, wani tsoho da aka manta da shi mai shekara fiye da 70, Diego Bermúdez, yana cikin waɗanda suka ci. Amma gasa kwana biyu ce, koyon algaita shekaru ne, mai koyo kuwa sai ya ci tuwo. Attajiranmu ba su da rowa ga maroƙi. Na sha ganin an liƙa jika ɗari a goshin mawaƙi cikin dare ɗaya don ya ambaci suna. Rabin wannan, in aka ba wani tsohon mabushi wata-wata da sharaɗin ya riƙe yara biyu, aka kuma sa ɗalibin cibiyar Taya ya zauna gefe da takarda da na'urar ɗaukar murya, da an sayi sunan da ya fi daren biki tsawon rai.

Ko opera ma ba ta gagari Sahel ba. A 2007 aka nuna Bintou Wéré a Bamako, sannan a Pari, kiɗan na Zé Manel ɗan Gine Bisau, labarin na Koulsy Lamko ɗan Cadi, da kayan kiɗanmu na gargajiya da harsunanmu. Labarin kuwa na matasa ne da suka ratsa hamada suna neman tsallaka shingen waya na Melilla su shiga Sipaniya. Hanyar da Judar ya biyo da littattafan Andalus suka biyo, ita ce yaranmu ke bi a juye.

Magariba ta kawo jiki, na sauko daga gada na shiga taksi na koma unguwa. Maƙwabcinmu wani tsohon makaɗin kalangu ne, mutumin Gobir, ya daina zuwa biki saboda ciwon gwiwa. Bayan isha'i na iske shi kan tabarma ƙofar gida, na gaishe shi, na ce: "Baba, na zo maka da kiɗan wasu mutane, ina so ka yi mini alƙalanci." Na sa masa Boléro a wayata. Ga wanda bai san shi ba, ƙaramar gangar soja ce ke kaɗa hannu ɗaya tak, sau 169, kusan minti goma sha biyar, waƙa biyu na zagayawa daga wannan abin busa zuwa wancan, amo na ƙaruwa a hankali har orkestar duka ta rufto. Baba ya saurara da ido rufe, yatsunsa na bin gangar a kan gwiwa. Wajen minti na shida ya buɗe ido ya ce: "Ɗana, mai gangar nan bashi ake bin shi? Ya ƙi sake hannu." Na ce haka aka rubuta masa, ba shi da izinin sakewa. Ya girgiza kai, ya ce shi ba ya iya wannan bauta, amma ya san irinta, haka masu garaya ke yi wa ɗan bori, a riƙe hannu ɗaya har sai abin ya hau. Da kiɗan ya kai ƙarshe ya faɗi rim, ya yi dariya ya ce: "Ka gani, ya hau."

Sai na sa masa na Glinka. Doguwar gaisuwar ƙahonin farko ba ta burge shi ba, ya ce sarkin nasu ya cika nawar fitowa. Da rawar ta kama ya gyara zama, ya aiki jikansa cikin gida ya ɗauko kalangun da ke rataye tun bara. Fatar ta saki, sai da ya ɗan gasa ta a bakin murhun mai shayi. Ya saɓa shi a hammata ya ce in mayar daga farko, kuma in tsallake masa gaisuwar.